BAƘON DA KE SHIGA GIDA BA DA IZINI BA

 Ya ku malamai da alhazai da sauran 'yan kasuwa na ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo, maganarmu ta yau a kan wani baƙo ce wanda kowa ya san shi, amma ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Waya ta yi ƙara, mai gida ya bar abin da ya ke yi ya ɗauka, sai ya ji murya tana zuba magana ba numfashi. Wani lokaci tallar waƙa ce da za a sa wa mai kiransa, wani lokaci rance a ke yi masa tayi, ko caca, ko magani, in kuwa zaɓe ya ƙarato sai ya ji ɗan takara yana gaishe shi kamar sun yi wasan ƙasa tare. Ya ce, "Wane ne?" ba amsa. Ya ce, "Dakata," ba ta dakatawa. Ba mutum ba ne, magana ce aka naɗa aka ba na'ura.

Ya kamata mu fara sanin yadda abin ya ke aiki, don wanda bai san ramin ba ba ya iya toshe shi. Mai talla yakan naɗi maganarsa sau ɗaya tak. Sa'an nan a ba kwamfuta jerin lambobi, ita kuwa ta dinga bugawa, dubbai a lokaci guda, ba ta gajiya, ba ta jin kunya, ba ta san dare ba balle tsakar rana. Lambobin nan wasu sayensu a ke yi daga hannun waɗanda mu ka ba amana sa'ad da mu ke cika takardu a wurare dabam dabam. Wasu kuwa ba sai an saya ba, gama lambar waya a jere ta ke, na'ura tana iya ƙirgawa daga ɗaya zuwa ta gaba har ta dace da mai ɗauka. In muryar ta ce ka danna 1 ka kuwa danna, to, ka shaida musu cewa layin nan da mai shi, kuma mai biyayya ne. Sau da yawa dannawar nan ita ce a ke lissafawa a matsayin yarda, daga nan sai kuɗin katinka su riƙa zurarewa kaɗan kaɗan kamar tulu mai tsaga. Kiran da ya biyo ta intanet kuma ana iya ɗaura masa lambar da ba tasa ba, har ka ga kamar daga maƙwabta ya fito alhali kuwa daga wata ƙasa ne.

Wani zai ce, ai abin bai taka kara ya karya ba, ka kashe wayar mana. Mai faɗin haka bai zauna a gabashin Sakkwato a shekarun nan ba. A nan ƙarar waya ba wasa ba ce. Wanda ɗan'uwansa ke hannun 'yan bindiga ba ya barin kira ya wuce, ko daga wace lamba ya fito. Wanda ya tura buhunan albasa ko tafarnuwa kudu yana jiran direba ya faɗa masa inda mota ta kwana. Mutanen ƙauye suna jiran a sanar da su in an ga babura sun nufo. Mutum yana cikin wannan hali, zuciyarsa ta tsinke, ya yi wuf ya ɗauka hannu na rawa, sai ya ji ana tallar waƙa. Ga kuma cajin da ya biya kuɗi aka yi masa a shago yana ƙarewa a banza. Tun da aka fara wayar hannu a Nijeriya a watan Agusta 2001, tarho mai igiya na gidajen manya ya yi ta ja da baya har ya kusa ɓacewa, wayar hannun nan ita ce ta zama tarhon gida. Tana ɗakin uwargida, tana ƙarƙashin matashin kai, tana aljihun liman a cikin sahu. Saboda haka wanda ya buga ta, cikin gida ya shigo.

To, shiga gida kuwa Shari'a ba ta bar shi sakaka ba. Duk almajirin da ya kai Suratun Nuri ya san an hana shiga gidan wani sai an nemi izini an yi sallama, in an ce a koma a koma. A cikin surar nan kuma aka keɓe lokatai uku waɗanda ko yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar Asuba, da tsakar rana lokacin ƙailula, da bayan sallar Isha. Ibn Abi Zaidin ya ware wa sallama da neman izini babi a ƙarshen Risala, kuma abin da mu ke karantar da yara ke nan, neman izini sau uku ne, in ba a ba ka ba ka juya. Abin lura a nan shi ne a kan wa nauyi ya ke. Ba a ce mai gida ya rubuta a ƙofarsa cewa ba ya son a faɗo masa ba, sa'an nan wanda bai rubuta ba gidansa ya halatta ga kowa. Asalin gida a tsare ya ke, mai son shiga shi ke nema. Ku riƙe wannan, don a kansa dukan maganar za ta juya.

Kada 'yan kasuwa su ɗauka talla na ke zargi. Talla halal ce, da ita kasuwa ke ci. Mai goro yana kiran mai saye, dillali yana yabon sa a kasuwar Achida, yarinya mai ƙosai tana kira daga bakin zaure, in za ta shiga ta yi sallama. Amma kasuwa wuri ne da mutum ya ɗauki ƙafarsa ya je, ya san zai ji hayaniya. Ko masu maganin nan da ke ɗora lasifika a kan mota suna sakin magana naɗaɗɗiya, wadda wani lokaci ba ta jiyuwa gaban surukai, in ka bar kasuwa ka rabu da su. Wannan kuwa ta biyo ka har shimfiɗa. An sha tambaya a zaure ko wajibi ne a amsa sallamar irin wannan murya, don akwai tsofaffin da ke amsa mata har da tambayar mutan gida. Abin da na ke gani, sallama addu'a ce da aminci daga mai nufi zuwa ga wanda ya nufa, na'ura kuwa ba ta da nufi, hukuncinta bai wuce na amsa-kuwwa ko aku ba. Wanda ya kashe bai yi laifi ba.

Yanzu sai mu duba abin da Gwamnati ta yi. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wadda a ke kira NCC, ita ce dokar 2003 ta ɗora wa kula da kamfanonin waya. A 2016, zamanin da Farfesa Umar Garba Danbatta ke shugabancinta, koke ya yi yawa, sai ta umurci kamfanoni su buɗe wata gajeriyar lamba, 2442, daga ran 1 ga Yuli na shekarar. Wanda ba ya son talla sai ya aika kalmar STOP zuwa lambar nan, kyauta, a rufe masa saƙonni da kiraye-kirayen talla duka. Wanda ke son wasu ya bar wasu sai ya aika HELP, a jero masa iri iri, na banki, na gidaje, na ilmi, na lafiya, na wasanni, har da na addini, ya zaɓa. Aka ce kamfanin da ya saɓa za a ci shi tarar naira miliyan 5, da naira 500,000 ko wace rana muddin bai daina ba. Ga kuma lamba 622 ta kai ƙara ga hukumar ita kanta. Ba a yi wata biyar ba, cikin Nuwamba 2016, sai da hukumar ta ba kamfanoni 13 wa'adin mako guda, don ta ga suna jan ƙafa, ba su ma sanar da jama'a cewa lambar tana nan ba. A 2018 ta ƙara da cewa kada a ɗora wa mutum wata hidima ta biya sai ya nema da kansa.

Gaskiya a faɗe ta, abin ya yi amfani. Miliyoyin mutane sun aika kalmar, kuma wanda ya aika ya ga sauƙi, musamman daga tallar kamfanonin waya su kansu. Amma dokar an gina ta a juye. Ta mai da gidan kowa buɗaɗɗe sai wanda ya tashi ya rufe, watau akasin abin da mu ka faɗa a sama. Sa'an nan dubi mabuɗin da aka ba mu: kalmar Turanci, da haruffan boko, a rubuce. Mai karanta wannan shafi ya iya karatu, wani ma ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, amma a wurin wannan doka daidai ya ke da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Manomin fadamar Rima, da Bafillatanin ruga, da tsohuwar da jikanta ya saya wa waya, su ne muryar ta fi cuta, don su ne ke saurare har ƙarshe su danna abin da aka ce su danna, su ne kuma mabuɗin bai dace da hannunsu ba. Ɗan boko na Abuja ya rufe ƙofarsa tun 2016, mai talla ya juyo kan wanda bai ji labari ba.

Akwai kuma ɓaraka ta biyu. Saƙon banki da ke gaya maka an saka kuɗi ko an cire, dole ya iso ko ka rufe talla, don haka aka bar masa hanya ta dabam. To, masu sayar da saƙo da yawa a lokaci guda sun gano hanyar, har suna tallata cewa nasu yana isa ga wanda ya rufe. Ka ga an yi ƙofar gaba da ƙarfe, an bar ta baya da zana. Ɗan damfara kuwa, mai cewa daga banki ya ke, ka faɗa masa lambar sirri, shi dama bai san wata 2442 ba. Wannan lamba tana tsare ka ne daga mai lasisi wanda ke tsoron hukuma.

Batun tara kuma sai mu auna shi da mudun 'yan kasuwa. Kamfanin MTN na Nijeriya ya ba da labarin cewa cinikinsa na 2024 ya haura naira tiriliyan 3. In ka raba wannan bisa mintocin shekara, ko wane minti ɗaya ya fi naira miliyan 5. Watau tarar da aka yanka a 2016 ba ta kai cinikin minti guda ba. A shekarar da aka yanka ta dala ba ta kai naira 500 ba ko a kasuwar bayan fage, a 2024 kuwa ta wuce 1,500. Wane ɗan kasuwa ne zai bar ciniki mai riba don tsoron tarar da ba ta kai kuɗin goron da ya ke rabawa ba? Kuma ba wai hukumar ba ta da haƙora ba ne. A watan Oktoba 2015 ta ci MTN ɗin nan tarar naira tiriliyan 1.04 saboda layuka miliyan 5.2 da ba a yi wa rajista ba, naira 200,000 ko wane layi, daga baya aka sasanta a kan biliyan 330 a watan Yuni 2016. Da abin ya shafi tsaron Gwamnati an ga cizo. Da ya shafi barcin talaka, abin da aka fi ji shi ne gargaɗi da jan kunne.

Kotu ma ta sa baki. Wani lauya a Abuja ya kai kamfanin Etisalat ƙara, wanda ya koma 9mobile a 2017, a kan saƙonnin da a ke turo masa bai nema ba. Kotu ta ba shi gaskiya, kamfanin ya ɗaukaka ƙara, a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa an keta masa hakkin da sashe na 37 na Tsarin Mulki ya ba ko wane ɗan ƙasa, na sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Hukunci ne mai kyau, amma lauya ne ya yi wa kansa, shekaru ya yi yana bi. Mai shago a Maikujera ba zai rufe shagonsa ya tafi Abuja shari'ar saƙon waya ba.

Mafi muni a cikin masu kiran nan su ne masu ba da rance ta waya. Banda ribar da ke cikin abin, wadda malamai sun san hukuncinta, sharaɗin wasunsu shi ne ka buɗe musu dukan lambobin da ke wayarka. Ranar da ka makara da biya sai su bi surukinka da malaminka da abokin cinikinka da saƙo da kira, suna cewa kai ɓarawo ne. Mutumin da bai ci nanin ba, nanin ta ci shi: bai karɓi rance ba, bai tsaya wa kowa ba, ga shi ana ta damunsa. A watan Agusta 2021 hukumar NITDA ta ci wani kamfani mai suna Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan wannan ɗabi'a. A watan Maris 2022 hukumar kare masu saye, FCCPC, tare da 'yan sanda da wasu hukumomi, ta kai samame ofisoshin irin waɗannan a Ikko, aka rufe asusun wasu a banki, aka sa a cire manhajojinsu. A nan an ɗan ga aiki, don an taɓa inda kuɗi ke shiga. Sa'an nan ran 12 ga Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan mutane, wadda ta ba kowa ikon cewa kada a yi amfani da bayanansa a tallata masa kaya, ta kuma sa tara ta iya kai kashi 2 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara. Wannan ita ce tara mai hankali, wadda ke girma da girman mai laifi.

Bari mu leƙa waje, don ciwon ba namu ba ne mu kaɗai. Amurka ta riga kowa shan wannan wahala, tun zamanin tarho mai igiya. Sun yi doka a 1991. A 2003 suka buɗe rajistar waɗanda ba su son a kira su, irin tamu ta 2442, kuma mai talla a can ba shi da izinin kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare. Da suka ga bai isa ba, daga ran 1 ga Satumba 2009 hukumar cinikinsu ta juya al'amarin: ba a yi wa mutum tallar naɗaɗɗiyar murya sai ya riga ya ba da izini a rubuce, ko sunansa na rajista ko babu. Ashe bayan doguwar tafiya sun iso inda ɗan makarantar allo ya tashi, mai shiga shi ke neman izini.

Amma rubuta doka dabam, zartar da ita dabam. Tara kam sun yanka ba tausayi. A 2017 kotu ta ɗora wa kamfanin Dish dala miliyan 280, daga baya aka sasanta a kan miliyan 210. A 2018 hukumar sadarwarsu ta ci wani mutum guda a jihar Fulorida dala miliyan 120, saboda kira kusan miliyan 100 cikin wata uku. A 2023 ta yanka wa wata ƙungiya kusan dala miliyan 300 saboda kira fiye da biliyan 5. Sai dai a 2019 jaridar Wall Street Journal ta bincika, ta tarar cewa cikin dala miliyan 208 da hukumar ta yanka tun 2015, abin da ya shiga hannu dala 6,790 ne kacal. Ku sake karanta lissafin nan, alhazai. Bashi ne a littafi, mai shi ya gudu. Ingila ma haka: a 2017 an ci wani kamfani mai suna Keurboom fam 400,000 saboda kira kusan miliyan 100, kamfanin ya rushe kansa. Mai shi gobe sai ya buɗe wani da sabon suna. Saboda haka a ƙarshen 2018 suka gyara doka, aka ba da damar bin shugaban kamfani shi kansa har fam 500,000 daga aljihunsa.

Abin da ya yi aiki sosai a Amurka ba tara ba ne. A watan Yuli 2022 hukumar ta umurci dukan kamfanonin waya su daina ɗaukar kiran ƙungiyar nan da aka ambata, ta kuma ce kiran irin nasu ya ragu da kashi 99 cikin 100. An daina dukan taiki, an koma kan jaki. Wannan kuwa malamanmu na Malikiyya sun riga sun san shi. Tun ƙarni na uku na Hijira Yahya bn Umar na Ƙairawan ya tara hukunce-hukuncen kasuwa a littafinsa Ahkamus Suƙ, kuma sananne ne a mazhabarmu cewa wanda ya maimaita algus ana fitar da shi daga kasuwa, don wannan ya fi masa zafi bisa duka ko tara. A daular Shehu ma akwai muƙamin muhtasibi, mai duba mudu da sikeli da hakkin hanya, ba ya jiran sai an kawo ƙara, shi ke zagawa. Kasuwar mai kiran nan ita ce layin waya. Ba shi da wata hanya zuwa kunnenka sai ta turakun kamfanoni ƙalilan, waɗanda duk lasisinsu na hannun hukuma ɗaya. A fitar da shi daga layi, magana ta ƙare.

Kada kuma a ce mana ba a iyawa. Mu ne shaidu. A watan Satumba 2021 aka rufe waya a Zamfara duka, aka bi da ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Mutane suka yi ta hawa mota zuwa birni don su buga waya guda. Ran 17 ga Oktoba aka faɗa wa kasuwar Goronyo aka kashe fiye da mutum 40, Allah Ya ji ƙansu, har Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya nemi a maido da wayar, don an ga jama'a ba su da hanyar neman agaji. Hukumar da ta iya kashe wayar ƙasa guda da takarda ɗaya, ba za ta kasa kashe layin mai talla ɗaya ba. Haka kuma tun Disamba 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, aka tilasta mana haɗa layi da lambar ɗan ƙasa, mu ka sha layi a rana, aka rufe layukan waɗanda ba su yi ba. An ce amfaninsa shi ne a san mai ko wane layi. To, madalla. Mu an san mu. Saura a nuna mana an san mai kiranmu.

Wani sabon abu kuma ya taso wanda ya sa maganar ta fi gaggawa. Yanzu kwamfuta na iya jin muryar mutum ta ɗan lokaci, sa'an nan ta faɗi abin da bai taɓa faɗi ba da muryarsa sak. A watan Janairu 2024 an kira mutanen jihar New Hampshire da muryar Shugaba Biden ta ƙarya ana ce musu kada su fita zaɓe. Cikin Fabrairu hukumar sadarwarsu ta shigar da irin wannan murya ƙarƙashin dokar 1991, wanda ya shirya abin kuma aka yanka masa dala miliyan 6. Ku yi tunanin wannan a ƙasarmu. Manyan malamanmu karatunsu na cikin ko wace waya, muryarsu ba ta da wuyar samu. Gobe sai a ji Malam wane yana tallar maganin da bai sani ba, ko yana goyon ɗan takarar da bai taɓa gani ba, ko uba ya ji muryar ɗansa tana kuka a aiko da kuɗin fansa alhali yaro na makaranta lafiya lau. Mazhabarmu ta karɓi shaidar makaho a kan magana in ya tabbatar da muryar mai ita, domin a da murya hatimi ce. Alƙalai da masu fatawa sai su fara duba wannan mas'ala tun yanzu, gama muryar da ta biyo ta waya ba ta da wannan ƙarfi kuma.

Abin da ya kamata wakilanmu na Majalisar Tarayya su nema, da hukumar da Dakta Aminu Maida ya karɓi shugabancinta a 2023, na farko dai a juya dokar: ko wane layi ya zama a rufe ga naɗaɗɗiyar talla, mai so ya buɗe. In an ga wannan ya yi wa kamfanoni nauyi, to, aƙalla a sa rufewar ta yiwu da baki, mutum ya buga lamba a yi masa magana da Hausa ko Fillanci ya danna ɗaya. Na'urar da ta iya tallata mana caca da Hausa ba za ta kasa jin "ba na so" da Hausa ba. A Indiya an ware wa masu talla lambobin da ke farawa da 140, ko wanda bai yi boko ba ya gane su da ido ya ƙi ɗauka, wannan ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Sa'an nan hukuma ta riƙa bugawa ko wace shekara: kamfani nawa ta ci tara, nawa aka biya, layi nawa aka yanke. Mun ga darasin Amurka, ba abin da aka yanka mu ke son ji ba, abin da aka karɓa.

Kafin wannan ya samu, ga abin da ke hannunmu. Haruffan huɗu ne na boko, S da T da O da P, a aika zuwa 2442, ba a cire ko kwabo. Wanda bai iya ba ya ba ɗansa ko wani almajiri mai boko ya yi masa a gabansa, ya karɓi wayarsa nan take. Limamai su faɗa bayan sallar Juma'a, sarakunan kasuwa su sa a yi shela, masu cajin waya su yi wa duk wanda ya kawo. In an rufe amma ba a daina ba, sai a fara kai kuka ga kamfanin layin, a karɓi lambar shaidar ƙara a rubuta ta, in ba su gyara ba a buga 622 a faɗi lambar nan, don hukumar takan tambaye ta. Muryar da ta ce ka danna wani abu, kada ka danna, kashe. Wanda ya ce daga banki ya ke, ka faɗa masa lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka yanzu, ƙarya ya ke, banki ba ya tambayar wannan ta waya. In kuwa muryar ɗan'uwa ce ta nemi kuɗi cikin gaggawa, a kashe a sake kiransa ta lambar da aka san shi da ita, ko a tambaye shi wani abu na cikin gida wanda bare bai sani ba, kafin a tura ko naira ɗaya.